Gudu Ashirin a Gefen Kwalta

Yayana ɗan kasuwar hatsi ne tun tasowarmu. Gero da dawa yake saye a ƙauyuka ya kai kasuwar Kurfi, wani lokaci ya wuce da su Dutsin-Ma, kuma da an bar shi a kan buhunansa da ba ni da labarin bayarwa. Sai zaɓe ya zo, mutanen mazaɓarmu suka nemi wanda bai taɓa faɗa da kowa ba, suka rasa sai shi. Suka tsayar da shi, ya ci. Daga ranar ya daina waiwayawa in ba Kansila aka ce ba. Ni da Innarmu ne kawai muka tsaya a kan yadda muka saba. Ni in ce Yaya, ita kuwa dama ba ta kama sunansa tunda ɗan fari ne, sai dai ta ce "wancan".

Ni a lokacin ina koyarwa a firamaren ƙauyenmu, wanda ke bakin titin da ya haɗa Dutsin-Ma da Kurfi. Titin ya raba mu gida biyu. Gidaje da makaranta suna gabas, masallaci da rijiyar burtsatse da babbar tsamiyar da ake zama a ƙarƙashinta suna yamma. Duk mai son salla cikin jam'i ko ruwan sha sai ya tsallaka.

Shekara da shekaru titin nan cike yake da ramuka, muna zaginsu safe da yamma. Ba mu san su ke tsaronmu ba. Direba in ya iso sai ya sauko da giya, ya bi gefen wannan ya kauce wa wancan, har akuya ta gama tunaninta a tsakiyar hanya ta wuce. Goggonmu, ƙanwar mahaifinmu, daidai babban ramin ta kafa kaskon ƙosanta. Fasinja kan miƙo hannu ta taga ya karɓa motar ba ta tsaya ba.

Shekarar da Yaya ya hau aka zo aka sake shimfiɗa kwalta, baƙa wuluk, sumul kamar faranti. Muka yi murna, Yaya ya karɓi gaisuwa kamar shi ya shimfiɗa ta da hannunsa. Kaji ne suka fara gane bambanci, awaki suka biyo baya. Motoci suka koma wucewa sai dai ka ji iska ta buge ka. Goggo ta wuni da ƙosai a faranti har ya huce. Tsofaffi masu zuwa masallaci sai sun taru a bakin titi, su tattare riguna, ɗaya ya ce "yanzu", su kwasa tare. Na ga mai unguwarmu, wanda tun ina yaro ban taɓa ganin ya ɗaga ƙafa ba, ya tsallaka da gudu ya bar takalmi ɗaya a tsakiyar kwalta, ya tsaya a ƙetare yana kallo tirela ta bi ta kai.

Abin da ya tara taro shi ne ragon Malam Liman, wanda yake kiwo don layya. Wata mota ta kwashe shi, ko wuƙa ba a samu sa masa ba.

Aka zauna a gindin tsamiya bayan la'asar. Samari suka ce a ba su diga su mayar da ramukan inda suke, sun tuna wurin kowanne. Wani dattijo ya ce a yi wa titin kunya irin ta gona, tunda shi ba ya da ita. Aka yi dariya, amma da yawa sun goyi bayan haka. Sai Yaya ya miƙe ya gyara hula.

"Ba a taɓa kwaltar gwamnati," in ji shi. "Abin da ke maganin gudu doka ce, kuma ga doka a cikin gidanku. In ba don irin wannan ba, don mi kuka zaɓe ni?"

Ba wanda ya tuna masa dalilin da ya sa aka zaɓe shi. Aka watse a kan zai je sakatariya ya zo da magana.

Da ya dawo ni ya fara samu a zaure. Ya ce ya zauna da wani tsohon ma'aikaci, mutumin kirki, ya yi masa bayani dalla-dalla. Titin kwalta ba na ƙaramar hukuma ba ne, yana da masu shi a sama, su ke da ikon cewa ga yadda za a yi gudu a kansa. Ikon ƙaramar hukuma yana kan hanyoyin ƙasa da ke shiga ƙauyuka, da kasuwa, da tasha. Da na ji haka na ce to, Allah ya sa haka ya fi alheri, a koma maganar kunya.

"Kai malami ne amma ba ka saurare," ya ce. "Sun ce kwalta ba tamu ba ce. Na ce ƙasa fa? Suka ce ƙasa tamu ce. Taso ka gani."

Ya ja ni har bakin titi, ya sa kan takalminsa daidai inda baƙar kwalta ta ƙare jar ƙasa ta fara.

"Daga nan zuwa bango nawa ne. Haka ma wancan gefen."

"Yaya, motocin a kan kwalta suke gudu."

"Su sauko mu gani."

Zama na biyu na tsayar da lamba ne, kuma ya fi na farko tsawo. Malam Liman ya ce arba'in, don a arba'in hankalin mutum ke cika. Wani direban akori-kura ɗan ƙauyenmu, wanda ke yi wa Yaya jigilar hatsi, ya ce motarsa ba ta da giyar da ke zama a ƙasa da talatin, in ya matsa mata sai ta mutu. Goggo ba ta zo taron maza ba, amma ta aiko a ce ita ba ta san lamba ba, a dai sa gudun da hanci zai iya jin ƙamshi. Mai unguwa ne ya yanke. Ya ce ko a kasuwa ba a fara tayi da abin da za a saya, in muna son arba'in mu ce ashirin, direbobi su yi ciniki a tsaya a tsakiya. Kowa ya ga hikimar wannan.

Aka samo murfin tsohuwar durom, mai fenti ya shafe shi fari, ya zana 20 da jan fenti, babba, a ƙasa ya rubuta "Umarnin Kansila" ƙanana. Aka kafa shi a kan turke kusa da kaskon Goggo. A kwanakin farko motoci sun tsaya ƙwarai, abin har ya ba mu mamaki. Ashe tsayawa suke su tambayi mene ne ake sayarwa ashirin a wannan tsadar. Goggo ta yi ciniki kafin labari ya bazu a tasha cewa ba farashi ba ne.

Saura hukunci. Yaya mutum ne mai tsoron haram, ya ce ba zai karɓi tarar kowa ba tunda ba a ba shi rasit ba. Malam Liman ya ce gaggawa aikin Shaiɗan ce, maganinta kuwa zama. Aka ɗauko dogon benci daga zauren mai unguwa aka ajiye a gindin tsamiya. Duk wanda aka kama ya wuce ashirin zai zauna a kai har a kira salla ta gaba. Wanda ya yi laifi dab da la'asar ya ji daɗi, wanda ya yi da hantsi kuwa sai haƙuri.

Nan aka zo kan tambayar da ta jawo ni ciki, wato yadda za a gane mutum ya wuce ashirin. Aka bincika duk abin hawa da ke ƙauyen. Akori-kura malejinta ya mutu tun hannun mai ita na farko. Mashinan samari kuwa wasu an cire, wasu an liƙa hoto a kai. Mashin ɗina ne kaɗai allurar malejinsa ke motsi, don sabo ne, kuma ina lallaɓa shi kamar ƙwai. A take Yaya ya naɗa ni mai awon gudu. Na ce ina da aji. Ya ce bayan an tashi, da ranakun hutu. Aikin mai sauƙi ne a bakinsa: in mota ta wuce in bi ta, in daidaita guduna da nata, in duba allura, in dawo in faɗa. Na tambaya amfanin haka tunda motar tana kan kwalta. Ya ce hukuma ba ta aiki sai da hujja, mu tara hujja tukuna.

Wata Asabar da hantsi na fara. Na tsaya a gefe injin na aiki, na ɗaure hanci da baki da ƙyalle saboda ƙwari. Wata jar motar haya ta taho daga wajen Kurfi, cike da fasinja, buhuna a ɗaure a bayanta. Yaya ya ɗaga hannu, na bi ta.

Abin da ba mu lissafa ba shi ne zamanin da muke ciki. A hanyoyin nan ba wanda hankalinsa ke kwanciya in ya ga mai mashin da rufaffiyar fuska ya biyo shi. Direban ya gan ni a madubi ya ƙara wuta. Na ƙara don in daidaita, ya sake ƙarawa. Na hango fuskokin fasinja a gilashin baya, wata mata ta ɗaga hannuwa sama tana addu'a. Na ɗaga musu hannu alamar lafiya, wannan kuwa ya ƙara ɓata lamarin, don direban ƙure maleji ya yi. Sai wajen mararrabar da ake ratsewa zuwa Shema na haƙura. Na juyo a hankali, amma da na hango tsamiya da mutane na jira sai na ɗan ƙara, don kada a ce na yi nawa. Na sauka gefe na taka burki, tsakuwa ta tashi.

"Nawa?" Yaya ya tambaya.

"Ya wuce tamanin. Inda na bar shi ma ƙaruwa yake."

Aka yi ta salati. Yaya ya dubi jama'a da fuskar wanda magana ta fito a kan gaskiyarsa. Mai unguwa ya gama tauna goronsa, ya juyo wajena.

"Malam, ya aka yi ka san tamanin ne?"

"Allura ce ta nuna, ranka ya daɗe."

"Allurar wa?"

"Tawa."

"Ashe kai ma tamanin ɗin ka yi."

Na ce ai aikin ke nan. Ya ce bai musa ba, tambaya yake. Shi mai jar mota a kan kwalta ya zo, a kan kwalta ya tafi, ba ruwanmu da shi. Ni kuwa daga kan ƙasa na tashi, a kan ƙasa na sauka. Aka nemi shaida, Goggo ta ɗaga murya daga bakin kasko ta ce tsakuwar da na watsa har cikin man suyarta. Na dubi Yaya. Na ga yana fama da kansa, amma bai daɗe ba.

"Doka ba ta da ƙane," ya ce, a hankali, ba tare da ya kalle ni ba.

Haka na zama mutum na farko da ya zauna a bencin. Matata ta aiko mini da fura, tare da tambayar ko a kawo tabarma. Can Inna ta tsallako ɗiban ruwa da 'yan matan gida, ta tsaya ta dube ni, ta dubi allon, ta dubi Yaya da ke tsaye yana gadina. Ta wuce rijiya. Na zauna har ladan ya kira azahar.

Bayan wannan aka gyara tsari. Aka ce awona ba ya cikin laifi muddin ina kan aiki, kuma in daina bin na kan kwalta, in tsaya a kan waɗanda ke cikin ikonmu. Waɗanda ke cikin ikonmu kuwa su ne masu bin gefe: jakuna, amalanken shanu, masu keke, da masu tafiya a ƙasa. Babu mai kaiwa ashirin a cikinsu. Na yi makonni ina bin amalanke a baya, allura kwance ko motsi ba ta yi, mai shanun yana waiwayowa yana tambaya ko lafiya.

Sau ɗaya garken wani Bafulatani ya jiyo ƙamshin ruwa ya kwasa a guje ta gefen titi. Na bi, allura ta ɗan haura. Da na tsayar da makiyayin na yi masa bayani, ya saurara da ladabi, ya jingina da sandarsa, ya ce in nuna masa wadda ta yi laifin a cikinsu ya ba ni ita in zaunar. Shi dai a ƙasa ya zo, kuma a baya. Na dubi shanu farare masu kama ɗaya, na ce ya je Allah ya tsare.

Wanda muka kama da gaske wani tsoho ne daga wajen Barkiya, ranar kasuwar Kurfi. Yana kan jakinsa da mangala cike da barkono, wata tirela ta danna oda daidai kunnen jakin. Jakin ya zabura, ya zo ya wuce allon kamar an harbo shi, tsohon ya rungume wuyansa, barkono na zuba. Na bi su, kuma na rantse allura ta taɓa ashirin ta ɗan leƙa gaba. Samari suka tare jakin, aka kawo su gindin tsamiya.

Yaya ya yi farin ciki, don wannan ne karon farko da doka ta kama baƙo. Amma tsohon da ya sami numfashi ya ce shi bai yi gudu ba, gudu aka yi da shi, da an tambaye shi ma sauka yake so. Aka juya ga Malam Liman. Ya ce aiki yana tare da niyya, kuma a bayyane yake tsohon bai yi niyya ba. Jaki kuwa ba a hukunta shi a shari'a. Yaya ya ce shi ba shari'a yake ba, dokar hanya yake, kuma dole wani ya zauna. A ƙarshe aka ɗaure jakin a ƙafar benci. Tsohon ya ce ba zai tafi ya bar jakinsa ba, ya hau bencin ya miƙe ƙafa. Aka tsinto masa barkononsa, Goggo ta ba shi ƙosai sadaka, ya yi barci har da minshari. Da aka kira salla ya tashi ya yi alwala, ya bi jam'i, ya ce rabon da ya huta haka a hanyar kasuwa ya manta. Mako na gaba ya dawo da abokai biyu, suka ɗaure jakunansu da kansu, ya ce a rubuta sun yi gudu.

Kafin kaka ta wuce gindin tsamiya ya zama zango. Mai shayi ya kawo teburinsa, mai gyaran keke ya rataye tayoyi a reshe, mai rake ya jingina daminsa. Kullum akwai jakuna a ɗaure da mutane a tsaye. Direbobi in sun hango taron daga nesa sai su ɗauka haɗari ne ko shingen bincike, su rage gudu su leƙa. Kaji suka samu sauƙi. Yaya ya ce wannan aikin doka ne, ba wanda ya ga amfanin yi masa gardama.

Ana cikin haka Inna ta zame a bakin rijiya ta faɗi a kan hannunta. Wuyan hannun ya kumbura nan da nan, aka ce sai an kai ta wurin mai ɗori a cikin Dutsin-Ma. Da rana tsaka ne, bencin cike da mutane. Aka kira akori-kura, aka sa ta a gaba kusa da direba, Yaya ya hau baya a kan buhuna. Kafin a tashi ya kira ni.

"Ka shiga gaba da mashin ka riƙe ashirin. Shi ya bi ka, tunda ba ya da maleji."

"Yaya, kan kwalta za mu bi. Kai da bakinka ka ce ba ikonka ba ne."

"Mutane na kallo. In na karya yau, gobe wa zan zaunar?"

Muka tashi. Ina gaba ina kallon allura, akori-kura na bayana tana shaƙewa tana tari, don gaskiya direban ya faɗa, ba ta son wannan tafiya. Wani mai keke ya zo ya wuce mu ya yi mana sannu. Muka wuce makaranta, muka wuce gonar mai unguwa, motar ta mutu, aka tayar, ta sake mutuwa. A tsayawa ta biyu Inna ta leƙo ta taga, fuskarta duk zufa. Ba ta waiwaya baya ba, ni ta yi wa magana.

"Ka faɗa ma wancan, hannun nawa ne ya karye, ba na hukuma ba."

Na isar da saƙo, ko da yake ya ji da kunnensa. Ya fara cewa, "Inna, shugaba shi ne..." Ta katse shi ba tare da ɗaga murya ba. Ta ce wa direba, "Ɗan nan, wa ya yi maka wankan farko ranar da uwarka ta haife ka ba kowa a gida?"

"Ke ce, Inna."

"To taka."

Direban ya kalli Yaya ta madubi, ya kalli Inna, ya sa giya. Da ƙyar na kauce. Suka wuce ni, Yaya a baya ya riƙe ƙarfe da hannu ɗaya, hula da ɗaya, babbar riga ta cika da iska. Ban duba allura ba ranar.

Aka yi ɗori lafiya, muka dawo bayan la'asar. Aka shigar da Inna gida. Yaya bai bi mu ciki ba, ya tsallaka titi, ya ce wa mutanen da ke kan benci su matsa, ya zauna a ƙarshe ya harɗe hannuwa. Mai unguwa ya ce masa ai larura ce, kuma a kan kwalta aka yi. Ya ce ya sani. Ya zauna har magariba. Mai shayi ya miƙa masa kofi, ya ce ba a shan shayi a bakin hukunci, duk da cewa kowa sha yake.

Ƙarshen lamarin daga sama ya zo. Wata rana farar mota ta tsaya, ma'aikata uku suka fito da igiyar awo. Mutane ne masu mutunci, suka gaisa da kowa, suka sha ruwa, suka tambayi wanda ya kafa allo. Yaya ya fito da babbar riga ya yi musu bayanin kwalta da ƙasa, har ya kai su ya nuna da takalmi. Babbansu ya saurara har ƙarshe, ya yaba da kishin, sannan ya ce akwai abu ɗaya. Titi ba kwalta kaɗai ba ne, yana da filinsa dama da hagu, kuma filin na masu titin ne. Suka ja igiya daga tsakiya. Ta wuce allon, ta wuce kaskon Goggo, ta wuce benci da tsamiya, ta tsaya a barandar masallaci. A ɗaya gefen ta shiga zauren Yaya har rabi.

Yaya ya daɗe yana kallon inda igiyar ta tsaya, kusa da buzun da yake salla.

"To nawa daga ina ya fara?"

Mutumin ya nuna bayan gidaje. Ya ce ba su zo tayar da kowa ba, masu sana'a su zauna, allon kawai za a cire don kada ya rikita direbobi.

Bayan gidajenmu akwai hanyar daji da ke bi ta cikin gonaki ta ɓulle wajen Barkiya. Wannan kam ba mai jayayya, ta ƙaramar hukuma ce. Rairayi ne da ita mai zurfi, ƙafa na nutsewa har idon sawu, mashin sai an sauka an tura. Can Yaya ya sa aka kai allon, aka kafa a bakin wata gonar dawa. Bencin ya zauna a gindin tsamiya, don masu jakuna sun ce in an ɗauke shi su ma za su bi shi. Ni aka sallame ni daga aiki ba tare da an faɗa ba.

Wata la'asar da bazara na raka shi duba gonarsa ta wannan hanya, a ƙasa. Muka tarar da wata motar ɗaukar itace ta kafe a rairayi daidai gindin allon, tayoyin baya sun nutse, direban ya tuɓe riga yana tona da hannu. Da ya gan mu ya roƙi mu taimaka da turi. Yaya ya zagaya motar a natse, ya tsaya a gabansa.

"Ka ga allon nan?"

"Na gani, Alhaji."

"Nawa kake yi yanzu?"

Mutumin ya dubi motarsa, ya dube ni, ko zan fassara masa. Na sunkuyar da kai.

"Alhaji, tun azahar nake nan."

"Madalla. Haka ake son direba."

Ya tuɓe babbar rigarsa ya ninke ya ɗora a kan allon. Muka kakkaryo karan dawa muka cusa ƙarƙashin tayoyi, muka sa kafaɗa. A turi na uku motar ta fita, ta watsa mana rairayi har cikin baki, ta yi gaba tana layi, direban ya fito da hannu yana godiya. Yaya ya tofar da ƙasa, ya karkaɗe gemunsa, ya ce mu bar zuwa gonar sai gobe, bayansa ya riƙe. Muka juya gida a hankali, yana dafe da kafaɗata.